Giris a mahaɗin jan tirela: ina gaskiya, ina jita-jita?

A Amurka da Kanada da Ostireliya, da zarar lokacin hutu ya kama, manyan tituna sukan cika da motocin a-kori-kura suna janye da ƙananan gidaje masu taya, da ɗakin kwana da kicin da banɗaki a ciki. Mafi yawan irin waɗannan tireloli na Amurka a yankin Elkhart ta jihar Indiyana ake ƙera su. Wanda ya sayi mai nauyi ba ya dogara da ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota kaɗai, sai ya ƙara da mahaɗi na musamman mai rarraba nauyi. A kan wannan mahaɗi ne ake wani musu da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Wasu sun ce a cika shi da giris ko'ina, wasu sun ce ko ɗigo kada ya taɓa shi. Kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya, kuma rabin da ya bari na iya kifar da mota.

Sai an san aikin ƙarfen kafin a gane inda maganar ta karkace. Ƙa'ida ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirela ya sauka a kan ƙwallon da ke bayan mota. Tirela mai kilo 3,000 ke nan za ta danna bayan motar da kilo 300 zuwa 450. Sai bayan ya durƙusa, gaban ya ɗaga, sitiyari ya yi sakayau a hannu, birkin gaba ya rage kamu, fitilu su koma haska idon masu tahowa. Mahaɗin yana da sandunan sifirin guda biyu da ke fitowa daga kansa su miƙe baya, a ɗaure ƙarshensu a jikin tirela da sarƙa ko da maƙallan ƙarfe. In an ja su sun yi tauri, aikinsu ɗaya ne da na mai ɗaga hannayen baro: nauyi ya bar bayan mota, wani ya koma tayoyin gaba, wani ya koma tayoyin tirela.

To, a jikin wannan na'ura gogayya iri biyu ce. Akwai wadda ke cin ƙarfe a banza, akwai kuma wadda maƙera suka saka da gangan don ta hana tirela tangaɗi idan iska ta buge ta ko babbar mota ta wuce ta da gudu. Duk jita-jitar nan daga haɗa biyun wuri guda ta samo asali.

An ce in aka shafa wa ƙwallo giris, ƙoƙon tirela da ke hawa kansa zai yi santsi ya fice a kan hanya. Wannan ba gaskiya ba ne. Abin da ke riƙe ƙoƙon shi ne harshen ƙarfen da ke kama ƙwallon ta ƙasa, da fil ɗin da ake sakawa ya kulle shi. Tirela tana ɓallewa ne idan ba a kulle ba, ko harshen ya cinye, ko an ɗora babban ƙoƙo a kan ƙaramin ƙwallo. Wannan na ƙarshe yana faruwa cikin sauƙi, domin a Amurka ƙwallon da aka fi amfani da shi girma uku ne: inci 1 da 7/8, da inci 2, da inci 2 da 5/16, kuma ido ba ya saurin bambance su. Direbobin manyan tireloli na ƙasashenmu ma shaida ne, faifan da bodi ke hawa a bayan kan mota kullum jiƙe yake da giris, makullinsa ne ke riƙe kaya.

An kuma ce ƙwallo mai sheƙi ba ya buƙatar komai, tun da an lulluɓe shi da farin ƙarfe. Wannan lulluɓi siriri ne, tsatsa yake karewa. Kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, jan sandunan sifirin yana ƙara danna ƙoƙo a kan ƙwallo fiye da yadda yake a mahaɗi na yau da kullum. Duba ƙwallon da aka yi doguwar tafiya da shi a bushe: samansa ya goge ya yi fari, gefensa ya yi zane-zane, in ka sa yatsa cikin ƙoƙon ka fito da baƙin garin ƙarfe. Haka ma ramukan da kawunan sandunan ke shiga su juya a kowace kwana. Su ne suka fi shan matsi, kuma su ne aka fi mantawa da su. In an bar su a bushe, ramin da yake zagayayye sai ya buɗe ya yi tsawo, sandar ta fara wasa a ciki. Kamfanin Blue Ox na jihar Nebraska har bakin ɗura giris ya sa a kan mahaɗinsa na SwayPro saboda wannan wuri.

Masu cewa giris yana tara yashi kuwa, sun faɗi gaskiya. Yashi da giris in sun cakuɗe suna cin ƙarfe ba kaɗan ba. Amma maganin ba shi ne a daina shafawa ba. A goge tsohon da tsumma kafin a sa sabo, a shafa kaɗan, in an kwance tirela a rufe ƙwallon. Wasu ma ƙwallon tanis suke tsagawa su kifa a kai, ya kare ƙura ya kuma kare wando.

Akwai wata magana da masu gyaran wutar mota kan ji: wai giris yana katse wutar fitilu da birkin tirela, domin ta jikin ƙwallo wutar ke komawa mota. In fitilun tirela suka fara ƙyaftawa bayan an shafa giris, laifin na waya ne. A cikin fulogi mai baki 7 da ake amfani da shi a Amurka akwai farar waya da aka ware don mayar da wuta. Tirelar da birkinta ya dogara da haɗuwar ƙoƙo da ƙwallo tun asali tana da ciwo, giris tona asirin kawai ya yi.

Jita-jitar da ta fi tayar mini da hankali ita ce mai cewa duk inda ka ji ƙara, shafa masa. Mahaɗi mai rarraba nauyi yana gurnani da ƙas-ƙas idan ana kwana a hankali, musamman a wurin ajiye motoci, har mutane su waiwayo. Mai mota ya ji kunya, ya ɗauko gwangwanin giris ya bi kowane lungu. Ƙarar ta ɗauke, ya ɗauka ya yi gyara, alhali abin da ke tsare shi a kan babban titi ya kashe. Akwai wata siririyar sanda da ake ɗaurawa a gefe don hana tangaɗi, ƙarfe ne ke zamewa a tsakanin abin da ake yin takalmin birki da shi. Mai ya taɓa wurin, aikinta ya ƙare. Kamfanin Reese ya hana sa giris a ƙarafunan tsarinsa na Dual Cam, inda ƙarshen sanda ke hawa; ya ce in ƙarar ta dami mutum, ya ɗan shafa man basilin kaɗan. Mahaɗin Andersen, da ake yi a jihar Idaho, an gina shi ne ta yadda ƙwallon ke juyawa tare da tirela, gindinsa yana cikin wani mazubi mai kama shi kamar birki, don haka ba ya son giris sam. A Turai kuwa, inda ƙwallon milimita 50 ne, ƙoƙon AL-KO na Jamus mai hana tangaɗi yana da ƙananan takalma a ciki da ke matse ƙwallon kansa. A nan dole ƙwallo ya zama tas, babu giris, babu fenti, babu tsatsa. Abin da yake daidai ga ƙwallo a mahaɗi guda, ɓarna ne a wani.

Ko ƙa'idar gogayya iri biyu da na kawo a sama ba ta isa mutum ya yanke hukunci da ido ba. Mahaɗin Equal-i-zer, na garin Provo a jihar Utah, yana hana tangaɗi ta gogayya a wurare 4: biyu a kai, biyu a maƙallan jikin tirela. Mai hankali zai ce to kada a shafa wa ko ɗaya. Amma kamfanin da kansa ya ce a riƙa shafa giris a na kai, sama da ƙasa, domin matsin da ke wurin daga ɗaurin ƙusoshi da jan sanduna yake zuwa, kuma in ya bushe ƙarfen ne zai ci juna. Maƙallan jikin tirela ne ya ce ba sa buƙata, ya kuma ƙera musu wata riga ta roba ga wanda ƙara ta dame shi.

Sauran maganganun ba su da tsawo. WD-40, da aka ƙirƙiro a San Diego a 1953, mai ne na korar danshi da sassauta tsatsa. Ruwa-ruwa ne, ba ya zama a inda ɗaruruwan kilo ke dannawa. Girisin da ake sa wa boris ɗin taya shi ya dace. Zaren notin da ke ɗaure ƙwallo kuma kada a shafa masa sai in kamfani ya ce a yi, domin santsi yana canja ƙarfin ɗaurin da aka auna a bushe. Kuma giris ko mahaɗin kansa ba sa ƙara wa mota ƙarfin jan abin da ya wuce iyakar da aka rubuta mata.

Mai karatu, in ka sayi mahaɗi na hannu babu takardarsa, duba jikin kansa ko sandunan, galibi sunan kamfani da nauyin da yake ɗauka suna nan. Nemi littafin wannan samfurin ka karanta kafin ka buɗe gwangwanin giris. In kuwa mai ya riga ya jiƙa takalman hana tangaɗi, kada ka tsaya gogewa, canja su kafin ka ɗora iyalinka a mota.