Kafin A Ce Gem Ya Mutu: Gyaran Tsofaffin Na'urorin Wasa a Zangon Kumasi

Labarin kusan iri ɗaya ne a bakin masu gyaran kayan lantarki na Kumasi. Saurayi ya taso daga Aboabo ko Asawase da baƙar leda a hammata, ya sauka a Adum, ya ɗora wa mai gyara PlayStation 2 a kan tebur. Wansa da ke zaune a Bronx ta Amurka ne ya aiko da shi cikin kaya. Jiya da daddare aka jona, aka ji "fas", ɗan hayaƙi ya fito, shi ke nan. Mai gyaran ko sukudireba ba ya ɗauka. Sai ya kifa gem ɗin ya karanta takardar da ke manne a bayansa, ya kai hanci wajen ramukan iska ya shinshina, sannan ya ɗago kai.

"Kai tsaye ka sa shi a soket?"

"E, Masta. Filogin ne ya ƙi shiga, sai na sayo masa kai."

"To, ƙanena, ai kai ka kashe shi, ba tsufa ba."

Wutar da kamfanin ECG ke rabawa a Ghana bolt 230 ce. Ta Amurka bolt 120, ta Japan kuwa 100 kacal. Babban PS2 na farko, mai kauri, wanda Sony ta fitar a watan Maris na 2000, ɓangaren wutarsa a cikinsa yake, kuma an ƙera shi ne daidai da wutar ƙasar da za a sayar da shi. Kan filogin da ake sayarwa a Kejetia siffar ƙafafu kawai yake canjawa, ba ya rage wuta ko ɗigo. Wanda ya iya duba lamba ya huta: lambar da ke bayan gem ɗin tana farawa da SCPH, kuma adadin ƙarshe shi ke faɗin ƙasarsa. In ta ƙare da 0 na Japan ne, da 1 na Amurka, da 3 na Ingila, da 4 na sauran Turai. Na Ingila da na Turai suna shan wutar Ghana lafiya lau. Sauran biyun sai da taransifomar rage wuta a tsakani.

Galibin tsofaffin gem da ake kawowa da sunan sun mutu ba su mutu ba. Wani abu ƙarami ne ya tsaya a hanya, kuma mai gyaran kirki daga waje yake fara lalube, daga bango zuwa waya, daga waya zuwa adafta, kafin ya kai ga kwance kusoshi. Ko a wannan gem na saurayin, abin da ya ƙone yawanci fanel ɗin wuta ne, babban fanel ɗin da ke ɗauke da ƙwaƙwalwa yana nan kalau. Aka samo fanel ɗin wuta na samfuri iri ɗaya daga wani mataccen gem na Turai aka dasa, sai ya tashi, kuma daga ranar ya rabu da taransifoma.

A nan ne kuma ake yin ɓarnar da ta fi kowace yawa. Fis ya tsinke, babu irinsa a kusa, sai a ɗauko zaren waya a haɗe bakin biyu. Fis mai gadi ne, an yi shi ne ya mutu domin sauran su tsira. Wanda ya maye gurbinsa da waya ya kori mai gadi ya bar ƙofa a buɗe, ranar da wuta ta sake yin tsalle kuwa har ƙurya za ta shiga. Akwai kuma wani haɗari da masu koyo ke rainawa: babbar kafasitar da ke kan fanel ɗin wuta tana iya riƙe sama da bolt 300 bayan an zare filogi. Yaran shago da yawa da yatsa suka koyi wannan darasi.

Waɗanda suka girmi PS2 nasu ciwon daban ne. Sega Mega Drive, wanda ya fito a Japan a 1988, da Famicom na kamfanin Nintendo na 1983, da tarin kwaikwayonsa da aka riƙa shigowa da su daga Asiya ana buga Super Mario da Contra a kansu, duk da adafta ta waje suke aiki. Adaftar asali ta daɗe da ɓata, sai a ɗauko kowace da bakinta ya shiga. Amma wutar adafta tana da fuska biyu, kuma a Famicom da Mega Drive na farko ƙafar da ke tsakiyar bakin ita ce mai alamar ragewa, saɓanin yawancin adaftocin kasuwa na yau. Mega Drive na biyu kuma ya juya abin. Akwai ɗan zane a jikin kowace adafta da ke nuna haka, sai dai ba kowa ke dubawa ba. Abin da ya fi saurin tafiya in an yi kuskure shi ne wani ɗan baƙin abu mai ƙafa uku da aka rubuta 7805 a jikinsa. Aikinsa ya karɓi wutar adafta ya mayar da ita bolt 5. Mai gyara ya ɗora mita a ƙafar farko ya ga tara ko goma, ya ɗora a ta uku bai ga biyar ba, magana ta ƙare. Ana samun irinsa a shagunan kayan rediyo da kuɗi kaɗan, kuma liƙa shi da dalma bai kai minti goma ba.

Mutanen Kumasi ba sa bukatar a tuna musu shekarar 2015, lokacin da dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ta kai ƙarshen tsanani, wuta ta yi awa 24 babu, ta zo ta yi 12. Ɗaukewar ba ita ke kashe kaya ba, dawowar ce, da kuma ƙaramin janareta da ake tayarwa gem na jone.

Sai wanda fitilarsa ke kamawa amma babu hoto. Kafin a zargi gem, a zargi wayar nan mai kai uku: rawaya ta hoto, ja da fara na sauti. A gindin kai take karyewa ta ciki, fatar waje kuwa ba ta nuna komai. A aro ta maƙwabci a gwada. In hoto ya fito amma ba launi, ko yana ta gudu sama, wannan ba ciwo ba ne, saɓanin yare ne. Talabijin ɗin Ghana kan tsarin PAL yake, gem ɗin Amurka da Japan kuwa NTSC suke magana. Tsohon talabijin mai ƙusumbi da bai san yare biyu ba haka zai nuna, a kai gem ɗin wani talabijin sai launi ya dawo. Sababbin talabijin masu faɗi da yawa ma ba su da ramin rawaya gaba ɗaya, sai an sayi ɗan akwatin da ke juya hoton zuwa HDMI.

Duk wanda ya yi yarinta a zamanin kaset ya san al'adar hurawa. Gem ya ƙi tashi, a zare kaset, a hura masa iska da baki, a mayar, ya tashi, kowa ya gamsu cewa hurawar ce ta yi aiki. Zarewa da mayarwar ce ta yi, domin ita ke goge dattin da ke kan haƙoran tagullar. Numfashi kuwa danshi yake barin musu, a gari mai damina biyu irin Kumasi kuma danshin ba ya jira, haƙoran su yi kore su yi tsatsa. Maganin auduga ce a tsinke da ɗan sifirit daga kemis, a goge har auduga ta daina baƙi, a bari ya bushe. Ban da turare, yana barin maiƙo. Ban da fetur da tina, suna cin roba.

Inda aikin ya fi ɗaukar hankali shi ne ido. Daga PlayStation na farko, wanda ya fito a Disambar 1994, wasa ya koma kan faifan sidi (a Ghana dai kuɗin ma sidi ne, faifan ma sidi, kuma idon gem in ya fara ciwo duka biyun yake ci). Idon ɗan gilashi ne da bai kai ƙwayar wake ba, yana harba haske a jikin faifai yana karanta abin da ya dawo. Yana zamewa a kan sandunan ƙarfe, ƙaramin mota na tura shi gaba da baya. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na sauka har Asante, fankar PS2 kuwa ba ta zaɓe, duk abin da ke cikin iskar ɗaki ciki take ja. Ƙura ta rufe gilashin, ta haɗu da tsohon giris ɗin sandunan ta zama kamar ƙullun kuka. Sai a ji gem yana ƙas-ƙas, faifai ya juya ya tsaya, jan allo ya fito yana neman a sa faifai alhali faifan na ciki.

Mai haƙuri da faifai yake farawa. Ya goge shi da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba, domin karcen da ya bi layin rubutu ya fi wanda ya gitta shi ɓarna. Ya gwada faifai iri biyu, mai shuɗin ciki da mai farin ciki kamar azurfa, tun da PS2 haske biyu gare shi, ɗaya na CD ɗaya na DVD, kuma ɗaya na iya gajiya ya bar ɗaya. Sannan ya buɗe, ya shafi gilashin da auduga a hankali kamar mai sa wa jariri kwalli, ya wanke sandunan, ya sa sabon giris kaɗan. Gem da yawa a nan suke warkewa.

Mai gaggawa kuwa wani ɗan kusa yake nema a gindin idon, wanda in an murɗa shi hasken ke ƙaruwa. Gem ya karanta nan take, mai shi ya biya ya tafi yana sa albarka. Bayan 'yan makonni idon ya ƙone gaba ɗaya. Murɗa kusan ba haram ba ne, amma shi ne mataki na ƙarshe, kuma da mita ake yi: a auna yadda yake, a rubuta, a motsa kaɗan, a sake aunawa. Wanda ya murɗa da ka, doki mai ciwo ya zabga wa bulala.

Kowane samfuri da halinsa. PlayStation na farko-farko abin da idon ke zamewa a kai roba ne, kuma yana kusa da zafin ɓangaren wuta, da ya cinye sai idon ya karkace. Shi ya sa a gidajen gem na da ake ganin an kifa shi ciki sama ana wasa, kuma dabarar tana aiki. Siririn PS2 da ya fito a 2004 matsalarsa biyu sanannu ne. Akwai 'yan maɓallai da ke shaida masa an rufe murfi, in sun saki sai ya ƙi juya faifai sam, mai shi ya ɗora masa littafi ko dutse. Akwai kuma siririyar wayar ido mai kama da kintinkiri, wadda in gam ɗinta ya saki takan ɗago ta riƙa gogar faifai. Duk wanda ya ga faifansa na fitowa da zagayayyen karce kamar an zana da kamfas, kada ya sake sa wani sai an manne ta.

Hannu, wato abin da ake riƙewa ana buga wasa, ba ya bukatar dogon bayani. Maɓallin bugun ƙwallo da ya sha matsa tun zamanin Winning Eleven roba ce a ƙarƙashinsa mai baƙin ɗigo, gumi da datti sun rufe ta. A wanke, ko a ciro ta wani hannun.

Abin da ya fi wuya shi ne wanda ba ya faruwa dare ɗaya. Kafasitoci suna da ruwa a ciki, bayan shekara ashirin ko talatin su bushe ko su tsiyaye a kan fanel, ruwan ya ci layukan tagulla. Alamarsu sauti ya dusashe ko ya riƙa gurnani, hoto ya riƙa rawa, wani lokaci da ƙarni irin na kifi in an kai musu zafin dalma. Sega Game Gear na 1990 ya yi suna a wannan ciwo, haka ma Xbox na farko na 2001 da kafasitar agogonsa. Ga kyankyasai, masu son ɗumin ɓangaren wuta, su kwana a ciki su haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba. Gem ɗin da aka ajiye a ƙarƙashin gado shekara biyar a ɗakin haya na Zango, kafin a jona shi a fara buɗewa a ga wa ke zaune ciki.

Kayan gyara kuwa daga kamfani babu su. Nintendo ta daina karɓar gyaran Famicom a 2007 saboda ƙarewar kayan, Sony ta daina ƙera PS2 a farkon 2013 bayan ta sayar da sama da miliyan 150, ta kuma rufe gyaransa a Japan a Satumbar 2018. Abin da ya rage sabon ido na kwaikwayo daga Sin, wanda wani ya daɗe wani ya mutu a wata guda, sai kuma gawar wani gem ɗin. Kayan hom-yus da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema, irin waɗanda Bakano zai kira 'yan Beljiyam, da tulin kayan 'yan gwangwan a Dagomba Line da Akwatia Line, su ne rumbun mai gyara. Ɗan gwangwan tagulla da alminiyon yake nema, guduma ce makaminsa. Mai gyara da ya riga gudumar yakan sayi matattun PS2 uku ya tayar da biyu, na ukun ya zauna a ƙarƙashin tebur ana yagarsa kaɗan-kaɗan har ya rage kwanso.

Masu gidajen gem da yawa ma sun daina wahalar da ido. Sukan zuba wasannin a filas ko a babbar ma'ajiyar kwamfuta, gem ya riƙa karantawa daga can, ko da yake ramin USB na PS2 tsohon samfuri ne mai nawa, shi ya sa bidiyon farkon wasa ke sarƙewa.

Ranar karɓa, saurayin na Aboabo yakan so ya ga fitila ta yi kore, ya biya, ya kama hanya. Mai gyaran da ya san aikinsa sai ya jawo masa benci ya miƙa masa hannu ɗaya, ya riƙe ɗaya. Akwai ciwon da ba ya fitowa sai fanel ya ɗumama, dalmar da ta tsage ta buɗe baki, kuma wannan yakan ɗauki rabin awa ko fiye.

"Zauna, ƙanena. Sai mun buga wasa uku tukuna. Wace ƙungiya ka ɗauka?"