Daga Kwal Zuwa Tattaka: Abin da Ya Sauya Wutar Masana'antun Indiya

Ranar 18 ga Nuwamba, 2024, ma'aunin gurɓatar iska a birnin Delhi ya kai 494, a sikelin da iyakarsa 500. Aka rufe makarantu, aka dakatar da gine-gine, aka hana manyan motoci shiga gari. A lokacin, kusan shekara biyu ke nan da haramta wa masana'antun yankin ƙona kwal. Mai neman hujjar cewa sauya makamashi bai tsinana komai ba, ya samu a ranar. Su kuma kamfanonin da suka koma ƙona curarriyar tattakar shinkafa ba su fasa buga hoton koren ganye a rahotonsu na shekara ba. Duk ɓangarorin biyu sun kauce wa maganar. Sauyin na gaske ne kuma yana da amfani, sai dai doka da tsadar kwal ne suka kawo shi, kuma ɗorewarsa tana hannun wanda zai kwashe tattaka daga gona cikin mako biyu ko uku.

A watan Yunin 2022 ne hukumar kula da iskar Delhi da kewaye, CAQM, ta ba da umarnin: daga 1 ga Oktoba babu kwal a duk inda bututun gas ya kai, daga 1 ga Janairun 2023 kuma babu shi a ko'ina cikin yankin, in ban da tashoshin lantarki masu ƙona kwal mai ƙarancin farar wuta. An ƙiyasta cewa masana'antun yankin na cin tan miliyan 1.7 na kwal a shekara. Mai gidan rini a Panipat, wanda tukunyar tururinsa ba ta mutuwa dare da rana, zaɓi biyu ya rage masa. Ko gas, wanda farashinsa ya yi tashin gwauron zabi bayan da Rasha ta afka wa Yukiren, ko ragowar amfanin gona da injin ya niƙa, ya matse, ya fitar da shi 'yan ƙwayoyi kamar abincin kifi. A 2022 ma kwal ɗin kansa ya haura dala 400 kowane tan a tashar jiragen ruwa ta Newcastle a Ostireliya. Da yawa suka zaɓi na biyun, don da ɗan gyara tsohuwar tukunya za ta ci shi, alhali gas sai an sauya abin hura wuta an kuma ja bututu.

Akwai matsin masu saye ma. Kamfanin tufafi na H&M ya daina ɗaukar sabbin masana'antu masu tukunyar kwal tun Janairun 2022, harajin iskar kabon na Tarayyar Turai kuma ya shafi siminti da ƙarfe da takin zamani. Wannan yana tasiri a kan masu fitar da kaya waje. Ƙaramin mai dafa sinadari da ke sayar wa kasuwar gida bai san da zamansa ba. Abin da ya sani shi ne jami'in da zai zo ya garƙame masa ƙofa.

Inda lamarin yake da wuya shi ne gona. Jihar Punjab kaɗai tana fitar da kusan tan miliyan 20 na tattaka a shekara. Tun da aka kafa dokar adana ruwan ƙarƙashin ƙasa a 2009, wadda ta jinkirta dashen shinkafa zuwa watan Yuni, girbi ya matso daf da lokacin shukar alkama. Injin girbi yana yanke kan shinkafar ya bar kututture da tarin tattaka, manomi kuma kwanaki ƙalilan gare shi ya share fili. Dabbobin manoman ba su cika cin tattakar ba saboda yawan silika, ƙaiƙayin alkama suka saba da shi. Ashana ɗaya ta fi kowace dabara arha. To, a cikin wannan ɗan taƙaitaccen lokaci ne mai kamfanin cura makamashi zai tara abin da zai yi aiki da shi shekara guda. Yana buƙatar injunan ɗaure dami da za su yi aikin 'yan makonni su kwanta sauran shekara, da taraktoci, da makeken fili na ajiya, da kuɗi a hannu da zai biya yau ya jira riba bayan wata takwas. Damin da ruwa ya taɓa zai ruɓe ko ya yi zafi daga ciki har ya kama wuta. Kafin a cura shi sai danshinsa ya sauko ƙasa da kashi 15 cikin ɗari. Tattakar da ba a matse ba kuwa, in tafiya ta yi nisa, kuɗin mota ya fi kuɗin kaya.

Sannan masu neman ta sun yi yawa lokaci guda. Ma'aikatar wutar lantarki ta ƙasar ta wajabta wa tashoshin kwal su gauraya kashi 5 cikin ɗari na irin wannan makamashi. Punjab ta wajabta wa masu gasa jan bulo kashi 20 daga watan Mayun 2023. Kamfanin mai na Indian Oil ya buɗe matatar itanol a Panipat a Agustan 2022 da aka tsara za ta ci kimanin tan 200,000 na tattaka a shekara, kamfanin Verbio na Jamus kuma ya buɗe tashar gas daga tattaka a gundumar Sangrur cikin Oktoban shekarar. An yi umarnin a saya kafin a gina masu sayarwa. Abin da ya biyo baya ba ɓoyayye ba ne: tashoshin lantarki sun daɗe suna kasa cika kasonsu, farashi yana sauka bayan girbi ya hau kafin wani girbin, kuma mai ƙaramar masana'anta, wanda ba shi da kwantiragin shekara, shi ne ke saye a mafi tsada.

A cikin tukunyar ma ba a rasa ciwon kai ba. Kilo ɗaya na kwal mai kyau yana ba da zafin da ya kai kilokalori 5,000 zuwa 6,000. Na tattaka bai cika wuce 3,500 ba. Ke nan motoci sun ƙaru, rumbu ya ƙaru, toka ta ƙaru. Tokar kuma mai kanwa ce da sinadarin kulorin, tana narkewa ta manne a bututu, ta ci ƙarfe. Shi ya sa masu tukwane suka fi son a gauraya musu da ɓawon gyaɗa ko garin katako, su kuma waɗannan kowa yana so. Duk wanda ya kwatanta farashin tan da tan ya ce sabon makamashi ya fi arha, bai taɓa biyan kuɗin kankare bututu ba.

Ribar fa? Tattakar da aka ƙona a tukunya mai matatar hayaƙi ta fi wadda aka banka wa wuta a fili sauƙi ga huhun mutane, kuma ta maye gurbin kwal ɗin da da sai an haƙo. Manomi ya samu mai share masa gona, wani lokaci har da ɗan kuɗi. Gobarar gonakin da tauraron ɗan'adam ya ƙirga a Punjab ta sauko daga sama da 70,000 a 2021 zuwa kusan 11,000 a 2024. Sai dai a riƙe wannan adadi da hannu biyu, don masu bincike sun nuna cewa manoma da yawa sun koyi jiran tauraron ya wuce da rana kafin su kunna wuta. Hayaƙin Delhi kuma iyayensa da yawa: motoci, ƙurar gine-gine, shara, da iskar hunturu da ba ta motsi. Dokar masana'antu ba ta taɓa isa ta warkar da shi ita kaɗai ba.

Masu adawa suna da maganarsu. Suna cewa wuta wuta ce, kuma a bakin bututun hayaƙi itace yana fitar da iskar kabon da ta kai ta kwal ko ta fi, in aka auna da zafin da ya bayar. Suna nuna tashar lantarki ta Drax a Ingila, wadda ke ƙona miliyoyin tan na curarren katako daga Amurka da Kanada, wadda kuma ta amince ta biya fam miliyan 25 a 2024 saboda bayanan da ba daidai ba game da asalin katakonta na Kanada. A kan itace, gaskiyarsu: bishiyar da aka sare sai ta yi shekaru gommai kafin wata ta maido abin da ta saki, kuma masana'antar da ta bar kwal ta koma cin daji, an gudu ne ba a tsira ba. Amma shinkafa duk shekara take tsirowa, tattakar nan kuma da ma ƙona ta ake yi. Ƙorafin da ya fi nauyi na masana ƙasar noma ne, masu cewa a bar ta ta ruɓe a gona ta ciyar da ƙasa. Ko shi, tan miliyan 20 ya isa a raba.

Wannan iska ta iso Najeriya. Kamfanin siminti na Lafarge ya daɗe yana ƙona ɓawon kwakwar manja a Ewekoro, Dangote ma yana saka buntun shinkafa da garin katako a tanderun siminti, yayin da Ashaka ke dogaro da kwal ɗin Maiganga a Gombe. Buntun da ke tsibi a bayan injinan shinkafa na Kano da Kebbi, a kwashe shi a ƙona a tanderu, babu mai kuka. Amma karan dawa da harawa da tattaka ba shara ba ne a Arewa. Da su ake kiwo da rani, da kara ake danni da zana, da shi mata ke girki inda icce ya yi wuya. Ranar da motar kamfani ta fara bin ƙauyuka tana sayen su da kuɗi a hannu, makiyayi da mai girki ba za su iya gasa da ita ba, kuma gibin zai faɗa kan bishiyoyin da suka rage. Gwamnatocin jihohin da ke zawarcin irin waɗannan masana'antu su rubuta a cikin lasisi abin da aka yarda a cura: buntu, ɓawon gyaɗa, totuwar masara da garin katako, ban da kara, ban da harawa, ban da ɗanyen icce.