Baƙin Allo Bayan Sabunta Linux: A Daina Gaggawar Fomatin

Na gaji da ganin ɗalibai da masu koyon haɗa manhaja suna asarar ayyukansu a banza. Mutum ya sabunta Ubuntu ko Linux Mint da daddare, gari ya waye ya kunna kwamfuta, allo ya yi baƙi ƙirin, ko rubutu ya kumbura ya cika fuska. Sai ya ruga wurin mai gyara, a ce masa katin hoto ya ƙone, ko kuma a yi fomatin kowa ya huta. A share komai, har da aikin kammala karatun da ya sha wuya a kansa.

Ga inda matsalar take. Kenel shi ne jigon Linux, shi ke tsakanin manhajoji da kayan cikin na'ura. Direba kuwa ita ce 'yar manhajar da kenel ke sarrafa katin hoto da ita. Direbobin Intel da AMD a cikin kenel suke zuwa, shi ya sa ba kasafai suke ba da wahala ba. Ta kamfanin NVIDIA daban ake ɗora ta, kuma dole a sake gina ta duk lokacin da kenel ya canza. Sau da yawa manhajar DKMS ce ke wannan aiki. In ta gaza, sabon kenel zai tashi babu direba.

To, don Allah ina ƙonewa a nan? Katin da ya nuna maka tambarin kamfani lokacin kunnawa, ya nuna jerin zaɓin GRUB da ke fitowa kafin Linux ta tashi, da wuya a ce ya ƙone. Jiya yana aiki, an sabunta, yau ya ƙi: hankali ma ya isa ya nuna inda za a duba. Fomatin kuma ba magani ba ne, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba, domin sabuntawa ta gaba na iya dawo da kai gidan jiya. Mai gyaran da ya san haka ya karɓi kuɗin sabon kati, ya ji tsoron Allah. Wanda bai sani ba, ba abin kunya ba ne ya tambaya.

Ga abin yi. Sake kunna kwamfutar, ka riƙe Shift ko ka danna Esc har GRUB ya fito. Shiga Advanced options ka zaɓi tsohon kenel, domin Ubuntu tana ajiye na baya. In hoto ya dawo, ka kama ɓarawo. In kana tsaye a baƙin allo, danna Ctrl, Alt da F3 tare, wurin rubuta umarni zai buɗe. Rubuta uname -r ka ga kenel ɗin da kake kai, sannan dkms status ka ga ko an gina masa direba. In ba a gina ba, yawanci ƙunshin linux-headers na wannan kenel ne babu. Ɗora shi, ka rubuta sudo dkms autoinstall, ka sake kunnawa. Umarnin nvidia-smi zai tabbatar maka ko direbar ta hau. Wani lokaci an gina ta amma tsarin tsaro na Secure Boot ya hana ta shiga don ba ta da sa hannun da ya yarda da shi. Sai ka yi rajistar makullin MOK a shuɗin allon da ke fitowa lokacin kunnawa, kada ka tsallake shi. In duk ya ƙi, ƙara kalmar nomodeset a layin GRUB don ka samu ka shiga, amma na wucin gadi ne.

Ɗaukewar wuta ana tsaka da sabuntawa, ko cikewar ma'aji, su ma suna jawo baƙin allo.

Ka riƙa ɗora direba daga rumbun Ubuntu, ba fayil ɗin .run da ka kwaso a intanet ba. Kada ka goge tsohon kenel sai sabon ya tabbata. Kuma kafin kowa ya taɓa maka kwamfuta, kwashe ayyukanka a filash.