Yadda Na Koyi Gyaran Tsohuwar Kujera

Da mahaifina ya rasu, cikin abin da na gada har da wata kujerar kushin ta katakon maɗaci. Yadinta ya kece, mazauninta ya lotsa, har uwargida ta ce a faskare ta a hura wuta. Zuciyata ba ta yarda ba. Na kai ta wurin wani tsohon kafinta a nan Lafiya, ta wajen hanyar Makurɗi. Ya girgiza ta, ya ƙwanƙwasa ƙafafun, ya ce, "Malam, katakon nan zai binne ni da kai. Zauna ka taya ni." Na ce, "To, Baba." Mafarin sha'awata ke nan.

Abu na farko, a duba katako. In an ƙwanƙwasa an ji shi fanko, ko gari na zubowa daga 'yan ramuka, to, ƙwari sun riga ka. In kuwa mahaɗi kaɗai ya saki, sai a kankare tsohon gam, a sa sabo, a ɗaure tam da igiya ya kwana. Sa'an nan a zare ƙusoshi ɗai ɗai. Kada a yar da tsohon yadi, gama da shi za a auna sabo. Ni garaje ya sa na yayyaga nawa, na yi hasarar yadi biyu.

Da muka buɗe cikinta sai ga audugar rimi. Yanzu soso ya kore ta, amma a ganina an yi mata rashin adalci. Soso in ya tsufa marmashewa ya ke yi, sai juji. Audugar rimi kuwa dunƙulewa kawai ta ke yi. A baza ta a rana, a bubbuga da tsumagiya, sai ta tashi. Ba ta shan ruwa, wannan kuwa babban abu ne a ƙasar da damina ta ke daɗewa kamar tamu. Amma a tsince 'ya'yan sarai domin ɓera, a kuma nisanta ta da wuta, gama nan da nan ta ke kamawa.

Wajen jan yadi, daga tsakiya a ke fara kafa ƙusa, gaba da baya, kana a bi zuwa kusurwa. Kusurwa ita ce mai wuya. Sau huɗu Baba ya sa na warware tawa.

Kujerar tana zaure yanzu, uwargida ma ta kawo mini kujerar tsugunno ta kakarta mai tsagaggiyar ƙafa.