Ɗan Dambe, Ɗan Kokawa da Mai Gudu: Wa Ya Fi Ƙarfi?

A ƙauyukan Batsari da Safana, kafin rashin tsaron Dajin Rugu ya rage wasannin dare, da zarar an kai hatsi rumbu sai kalangu ya tashi a dandali. Ana dambe, ana kokawa, yara na langa a farin wata. A nan ake tayar da tsohuwar gardama: cikin waɗannan gwanaye, wa ya fi ƙarfi? 'Yan kallo kan ba ɗan dambe. To amma sau nawa aka ga ƙato mai kisa a turmin farko ya je gwajin shiga soja, aka sa gudu, wani siririn makiyayi ya bar shi yana haki?

Masana aikin jiki sun ce tsokar mutum tana da zaruruwa iri biyu. Akwai masu saurin tsukewa, masu ba da ƙarfi nan take, amma man da suka ajiye kan ƙare cikin kimanin daƙiƙa 10. Su ɗan dambe ke kai naushi da su, ɗan kokawa ya yi kaye, kuma da su Usain Bolt ya ci mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Balin a 2009. Akwai kuma masu aiki sannu-sannu, waɗanda ke ƙona abinci da iskar oksijin, su yini ba su sare ba. Makiyayin da ya tashi yana bin shanu tun yana yaro, waɗannan ya horar, shi bai ma sani ba.

Tun a 1923 Baturen Ingila A. V. Hill ya nuna cewa kowane jiki yana da iyakar oksijin da zai iya sha yayin aiki. Ana auna ta da mililita a kowane kilo na nauyin mutum cikin minti ɗaya. Saurayin da ba ya horo kan tsaya wajen 40, ƙwararren ɗan kokawa tsakanin 50 da 60, manyan masu gudun dogon zango kuwa sukan haura 70. Lura, mai karatu: nauyin da ke taimakon ɗan kokawa a fage, shi ke rage masa maki a wannan lissafi, domin da shi ake rabawa. Ma'aunin juriya ne kurum. Ɗora wa mai gudun buhun gero ka ga inda zai kai shi.

A ganina ɗan langa aka fi zalunta a gardamar, ga gudu, ga tsalle da ture, duk a kan ƙafa ɗaya.

Mai son gwada kansa ba ya bukatar na'ura. A 1968 wani likitan sojan saman Amurka, Kenneth Cooper, ya fito da gwaji mai sauƙi: a yi gudu na minti 12, a auna tazarar da aka ci. Saurayin da ya wuce mita 2,800 juriyarsa ta kai matuƙa. Filin makarantar firamare da agogo sun wadatar, sai dai a yi da sanyin safiya.