Rawar Mota Lokacin Rage Gudu: Yadda Ake Gano Tushenta

A-kori-kura irin su Toyota Hilux, waɗanda ke ɗaukar kaya da fasinja tsakanin birnin Damagaram da kasuwannin Mirriya, Matamai, Magariya da Tanut, sukan kamu da wata cuta da direbobi suka sani sarai: mota na tafiya lafiya lau, amma da an fara rage gudu sai ta ɗauki karkarwa. Wani lokaci sitiyari ne ke rawa a hannu, wani lokaci birki ne ke bugun tafin ƙafa, wani lokaci kuma kujera da bodi ne ke girgiza. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan alamu yana nuna wurin da matsalar take, kuma direban da ya iya bambanta su ya riga ya yi wa makanike rabin aiki.

Abu na farko da za a tantance shi ne ko rawar na zuwa ne sai an taka birki, ko kuwa da zarar an ɗaga ƙafa daga totur. A kan gwada wannan a shimfiɗaɗɗiyar kwalta da ba cunkoso, motar babu kaya. A kai gudun kilomita 80 a awa, a saki totur ba tare da taɓa birki ba, a saurara. Sa'an nan a sake komawa gudun, a taka birki a hankali. Idan karkarwar ba ta zuwa sai an taka birki, kuma tana raguwa daidai da yadda taya ke rage juyawa, to zargi ya faɗa kan birki da abin da ke riƙe da ƙafafun mota. Idan kuwa tana nan ko ba a taka ba, galibi birki ba shi da laifi, kuma sayen kayansa asarar kuɗi ce.

Mafi yawan Hilux da ke yawo a wannan yanki suna da faifan birki, wato disk, a ƙafafun gaba, da gangar birki, wato tambur, a na baya. Rawar sitiyari tana nuna gaba, girgizar kujera da bodi kuwa ta fi nuna baya. Akwai dabarar da ke raba gardama: a ƙaramin gudu, wurin da babu kowa, a ja birkin hannu sannu a hankali, yatsa na danne da maɓallinsa don kada ya kulle. Tunda ƙafafun baya kaɗai yake kamawa, idan aka ji bugun to tambur ne ya daina zama zagayayye. Ba a yin wannan gwaji da gudu ko a kan yashi, domin baya na iya zamewa.

A gareji, hukuncin da aka saba yankewa shi ne disk ya lanƙwashe. Sau da yawa abin da ya faru ya ɗan bambanta da haka. Disk yana juyawa ne tsakanin plaket biyu da ke matse shi. Idan bai zauna daidai a mazauninsa ba, a kowane zagaye wani ɓangarensa zai riƙa gogar plaket ko da ba a taka birki ba. Bayan dubban kilomitoci sai wannan ɓangare ya ci fiye da sauran, kaurin disk ya daina zama ɗaya. Da an taka birki, plaket na shiga suna fita bisa kaurin da suka tarar, man birki na mayar da bugun zuwa ƙafar direba. Bambancin da ke haddasa wannan bai kai kaurin gashin kai ba. Masu ƙera motoci da yawa ba sa yarda karkacewar disk ta wuce kimanin milimita 0.05, abin da ido ba ya gani sai da agogon awo. Makaniken da ya shafa disk da hannu ya ce lafiyarsa ƙalau bai auna komai ba.

Abubuwan da ke hana disk zama daidai sun yi yawa a wannan yanki. Ƙwayar yashi ko tsatsa da ta maƙale tsakanin disk da mazauninsa lokacin ɗaurawa ta isa. Haka ma ɗaurin notin taya. Mai faci a bakin hanya yakan ɗaure noti ɗaya tamau kafin ya taɓa na biyu, wani ma har ya sa bututu a sifana ya hau kai da ƙafa. Ɗaurin da ya dace shi ne a fara kama duk notukan da hannu, a riƙa tsallakawa daga wannan zuwa wanda ke fuskantarsa, a ƙarasa da ƙarfi iri ɗaya kamar yadda littafin motar ya faɗa. Motoci da dama sun fara rawa ne makonni kaɗan bayan facin taya, kuma ba wanda ya haɗa abubuwan biyu.

Sai zafi. Ƙasar Damagaram ba ta da dogayen gangare masu ƙona birki, don haka wasu ke ganin zafin birki matsalar ƙasashe masu tsaunuka ce. A nan lodi da gudu ke yin wannan aikin. An ƙera Hilux don ɗaukar kimanin tan ɗaya, amma ranar Alhamis, lokacin da kasuwar Dole ta Damagaram ke ci, ana ganin masu buhunan gero da wake, da awaki, da mutane a sama, har sifirin ya miƙe. Duk ƙarfin tafiyar mota zafi yake komawa a birki. Idan nauyi ya ninka, zafin ya ninka, kuma motar da ke gudun kilomita 100 tana zuba wa birki kusan ninki biyu na zafin da za ta zuba a gudun 70. A kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Maraɗi, Tasawa da Takeita zuwa Damagaram, ta wuce Gure da Difa, tudun rage gudu a ƙauyuka, amalanke da garken dabbobi suna tilasta taka birki mai ƙarfi akai-akai, a watannin Afrilu da Mayu da zafin rana ke haura digiri 40. Idan direba ya tsaya da birki mai zafi ya ci gaba da danne shi, plaket na barin tabo a wuri ɗaya a jikin disk, tabon nan kuma shi ne mafarin bugu. Watsa wa ƙafar mota ruwa don ta huce, ko faɗawa cikin ruwan kwari da damina nan take bayan doguwar tafiya, yana sanyaya ƙarfen ba daidai ba, har yakan tsage shi. Sauka zuwa ƙaramar giya tun daga nesa yana rage wa birki wannan wahala.

Kalifa, wato maƙalar da ke riƙe da plaket, tana zamewa ne a kan sanduna biyu masu man giris da murfin roba. Idan robar ta yage, ƙurar hunturu da yashi su shiga, kalifa ta ƙage ta bar plaket manne da disk. Alamarta ita ce mota na janyewa gefe ɗaya, ƙafa ɗaya ta fi sauran zafi da ƙauri bayan tafiya, plaket ɗaya kuma ya cinye ya bar ɗan'uwansa. A kusantar da hannu kawai, kada a taɓa. Duk wanda ya sa sabon disk bai gyara kalifa ba, zai dawo gareji da kuka ɗaya.

Birki na tura nauyin mota gaba, saboda haka duk wani sako-sako a ƙafafun gaba a lokacin yake bayyana. Hanyoyin gargada da ramukan hanyar Tanut zuwa Agadas suna cinye rotil, robobin ƙafa, boris da shokoba. A ɗaga taya da jak, a kama ta sama da ƙasa a jijjiga, sa'an nan a kama ta hagu da dama. Motsi a gwajin farko ya fi nuna boris ko rotil na ƙafa, a na biyu kuma gaɓoɓin sitiyari. Wannan shi ne ɓangaren da ba ya jira, domin rotil da ya fita da gudu yana raba direba da sitiyari gaba ɗaya. A kan yashi sai an sa katako ƙarƙashin jak, kuma ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Idan rawar na zuwa da sakin totur, a duba farfela, sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa ƙafafun baya. Gaɓoɓinta da suka bushe babu giris sukan yi ƙara "kas" lokacin tashi ko sa ribas, su kuma girgiza ƙasan mota. Robobin da inji da giyabos ke zaune a kai, da notukan da ke ɗaure sifirin da gatarin baya, suna cikin abin dubawa. Mantawa da giyar yashi, wadda ke jan ƙafafu huɗu, a kan kwalta ma na sa mota ta yi tauri tana fizga. Rawar da ke nan daram tsakanin kilomita 80 da 100, ko an taka birki ko ba a taka ba, yawanci daga taya take: rashin daidaiton nauyi, ƙullutu a jikinta, lanƙwasasshen wili, ko busasshen taɓo da ya maƙale a ciki. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT a gefen taya suna faɗin mako da shekarar ƙira. 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Mai sayen taya ta hannu ya kamata ya karanta su.

Akwai bugun da ba cuta ba ne. Mota mai ABS tana harba birki da sauri a ƙafa idan aka taka da ƙarfi a kan yashi ko tsakuwa, don hana taya kullewa. A nan ci gaba da dannewa ake yi, ba saki ba. Idan kuwa hakan na faruwa a busasshiyar kwalta ana dab da tsayawa, ko fitilar ABS ta ƙi mutuwa, na'urar da ke ƙirga juyawar taya ce ke son dubawa.

Wajen gyara, ana iya kai disk a sassabe fuskarsa a inji, amma kowane disk na da mafi ƙarancin kauri da aka zana a jikinsa, kuma wanda ya sauka ƙasa da shi sai jefarwa, domin siririn ƙarfe ya fi saurin zafi da tsagewa. Disk da plaket bibbiyu ake canza su, hagu da dama tare, bayan an kankare mazaunin tas. Ƙurar cikin tambur ba a hura ta da baki ko da iska, domin wasu kayan birki masu arha na ɗauke da sinadarin da ke lalata huhu. Da jiƙaƙƙen tsumma ake share ta. Man birki na shan danshi, kuma irin DOT 3 da ke tafasa a digiri 205 yana sabo yakan sauko kusan 140 idan ya jiƙa, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Bayan sa sababbin kaya, a yi 'yan tsaye-tsaye masu sauƙi daga matsakaicin gudu, ana barin birki ya huce tsakani, kafin a ɗora wa motar lodin kasuwa.