Na'urar da ke bambance takin zamani da ƙarfe mai guba

A manyan tashoshin jiragen ruwa irin su Rotadam ta ƙasar Holan, kwantena na ratsa wata ƙofa mai sansano tururin nukiliya. Sai dai takin zamani da tayil da ayaba ma kan sa ta yi ƙara, domin akwai ɗan tururin a cikinsu tun asali. Ƙofar ba ta faɗin ko mene ne. To, wa zai raba gardama a saki kayan ɗan kasuwa? Nan ne 'yan duwan ke ɗauko na'urar tantancewa, kuma wadda ta fi kowace kaifi ita ce ta jamaniyam.

Jamaniyam ma'adini ne ɗan uwan silikon da ake haɗa wayar salula da shi. A shekarun 1970 ne masana a Amurka suka iya tace shi har ya zama datti bai wuce ƙwayar zarra ɗaya cikin biliyan 1,000 ba. Ana narka shi a zafin digiri 938, a jawo shi a hankali ya daskare curi guda, a yanka, a goge, a rufe cikin gwangwanin da aka zuƙe wa iska. Sannan a sanyaya shi zuwa kusan digiri 196 ƙasa da sifili, a ba shi lantarki na dubban volt. Duk tururin da ya faɗa cikinsa sai ya haifar da ɗan lantarki daidai ƙarfinsa. Da yake kowane sinadari da nasa ƙarfin, kamar zanen yatsa, nan take ake gane shi.

Kafin ta bar masana'anta, ana ajiye sinadarin kobal-60 nesa da ita da santimita 25. Dole ta nuna alamominsa biyu, a lamba 1173 da 1332, sirara kuma a ware. In suka yi faɗi, akwai gyara. Fotasiyam na takin zamani yana fitowa a 1461, siziyam-137 mai haɗari kuwa a 662.

Masu sana'ar tsofaffin ƙarafa su ne abin ya fi shafa. A 1987, a birnin Goyaniya na Brazil, masu tsintar ƙarfe sun fasa wata tsohuwar na'urar asibiti mai siziyam. Mutum 4 suka rasu, aka gwada kimanin 112,000. A nan kusa, a 2009 ƙungiyar Greenpeace ta gano ƙarafa masu tururin a kasuwar Arlit.

Don haka jama'a, in kun ga ƙarfe rufaffe mai nauyin da ya fi girmansa, ko mai alamar farfela uku a kan rawaya, kada ku fasa, kada ku kai gida. Ku nisance shi, ku sanar da hukuma. Rigakafi ya fi magani.